Haramina a Jikin Mutumin Zamanin Rumawa

Shekarar da abin nan ya faru ina tuƙa motar haƙa a Riyad, irin mai dogon hannun nan da a can ake ce wa boklen. Ɗakina yana unguwar Manfuha, a wani gida da 'yan Najeriya muka cika shi maƙil, har in na bakin ƙofa ya yi atishawa sai na ƙuryar ɗaki ya goge hanci. A gidan an san ni da abu biyu, cin shinkafa da surutu. Ni mutum ne da in na ga ƙadangare da safe, kafin la'asar ya zama kada, kafin magariba ya haɗiye wani ɗan Pakistan da kekensa. Kowa ya san halina, ba mai riƙe ni da ƙarya. Dariya ake yi a wuce.

Kamfanin da nake wa aiki ya samu wani makeken fili a bayan gari, ta kudu, inda za a gina gidaje. Fili ne fetal, ba bishiya ba inuwa, sai tsakuwa da 'yan tuddai. Mun kai motoci, mun kafa shinge, sai aka ce a dakata. Wai kafin a zuba siminti sai masu binciken kayan tarihi sun duba ƙasar, ko akwai abin da mutanen da suka bari. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce wanda duk ya zauna a wannan wuri a zamanin da ba na'urar sanyaya ɗaki, abin da zai bari kawai shi ne wasiyyar kada kowa ya sake zuwa.

Shugabar masu binciken wata Basa'udiya ce, 'yar siririya, mai malafa a kan mayafi da takalmin sojoji. Duktura muke ce mata. Ba ta da yawan magana, in kuma ta yi ba ta maimaitawa. Ranar farko ta sa aka cire bokitin motata mai haƙora aka ɗaura wani mai baki sumul kamar na jariri. Ta ja layuka da farin gari a ƙasa, dogaye, nan da can a cikin filin. Aikina in bi layin ina kankare ƙasa kaɗan kaɗan, ita tana tsaye gaban bokitin tana kallo. In ta ɗaga hannu in tsaya cak. Ni da na saba in dira bokiti sau ɗaya in cika tifa, sai ga ni ina shafar ƙasa kamar mai yi wa angon gobe aski. In launin ƙasa ya canza sai yaranta, waɗanda duk gemunsu ya fi nawa, su shiga ramin da cokalin magina da buroshi su duƙa har rana ta karya.

Mai gadin filin dattijo ne ɗan ƙasarmu, daga wani ƙauye a gabashin Katsina. Baba kowa ke ce masa, har Larabawan. Yana kwana a wata bukkar kwano a bakin ƙofa, makullan motoci duk a hannunsa suke. Ya daɗe a Saudiyya amma Larabcinsa bai wuce na gaisuwa da sayen burodi ba. Kafin ya zo, a ƙauyensu shi ne mai wankan gawa da gyaran kabari. Shi kaɗai ne ba ya dariyar labaraina. Sai ya saurara har in gama, ya miƙo mini shayi, ya ce Allah ya shirye ni. Ina son dattijon nan.

A makon da nake ba da labarinsa na yi niyyar zuwa Umra, tafiyar farko tun zuwana. Ranar Laraba na shiga kasuwar Baɗha na sayi harami sabo fil, fari ƙal, mai kauri kamar tawul ɗin otal. Ranar Alhamis na tafi da shi wurin aiki, don mutum irina ba zai sayi abu ya ɓoye ba. Na yafa shi a kan kayan aiki na zagaya motoci ina ɗaga hannu kamar gwamna. Muraƙibinmu, wato mai sa ido a kan aiki, wani Bamisre mai son raha, ya sa mini suna Hajji Boklen. A garin gyara yafen na dafa gefen haramin da hannun da na taɓa girisin inji, yatsuna suka fito raɗau a jiki, baƙaƙe. Kowa ya gani, aka yi ta dariya. Na ce ai tambari ne, ko a cikin taron Masallacin Harami aka sace shi zan gane abina. Na naɗe shi na jefa bayan kujerar mota.

Hantsi ya ɗaga a ranar ina kankare gindin wani ɗan tudu, sai Duktura ta ɗaga hannu biyu. Ban taɓa ganin ta ɗaga biyu ba. Na kashe mota. Ƙarƙashin bokitin ga wasu faffaɗan duwatsu a jere, kamar an rufe bakin rijiya. Suka yi ta share gefensu, suka ɗaga ɗaya a hankali, ni kuma na leƙo daga sama. Abin da na fara gani haƙora ne. Mutum ne a kwance kan gefensa, ya naɗe ƙafafu kamar mai jin sanyi, ƙashinsa ya yi launin ƙasa. Kusa da ƙoƙon kansa akwai wata 'yar kwalba koriya da ba ta kai tsawon yatsa ba.

Na ga gawa a rayuwata, amma ban taɓa buɗe wa wani ɗakinsa da bokiti ba. Ni kuwa in tsoro ya kama ni bakina ne ke gudu. Na sauko na tara leburori da muraƙibi na fara. Na ce wannan ai ba komai ba ne, a garinmu ni na binne mutane da hannuna sun fi gashin kaina yawa. Na ce in na naɗe gawa a likkafani har iyayenta ba sa so a rufe, don kyau. Na ce matattu sun san ni, shi ya sa wannan ya zaɓi bokitina. Muraƙibi yana dariya yana dukan cinya. Ban taɓa naɗe ko da kaza ba.

Duktura ta ɗauki hotuna ta kowane gefe, ta auna, ta rubuta. Ta ce tunda ƙashin mutum ne dole a sanar da 'yan sanda su zo su gani da idonsu kafin a taɓa komai, kuma gobe Juma'a, don haka sai Asabar. Aka kafa tampol a kan ramin, aka zagaye da jan kirtani. Ta yi wa muraƙibi kashedi da Larabci cewa ko kuda kada ya sauka a wurin. Muraƙibi ya gyaɗa kai. Ba wanda ya tuna ya faɗa wa Baba da Hausa, har da ni.

Da za mu tashi na tarar da Baba tsugune a bakin ramin, ya ɗaga gefen tampol yana kallo. Ya kira ni da hannu.

"Direba, dubi inda ya sa gabansa."

Na ce Baba ni na gama kallonsa, ya ishe ni na shekara.

"Gabas yake kallo," in ji shi. "Yadda muke kwantar da namu a gida."

Na ce masa to, Allah ya ji ƙan musulmi, motar Manfuha za ta tafi ta bar ni. Na miƙa masa makullin boklen na ruga. Sai da muka yi nisa na tuna haramina yana bayan kujera, na ce ba komai, Asabar na ɗauka.

Wanda bai taɓa barin gida ba ba zai san abin da ke cikin maganar Baba ba. Mu a ƙasar Hausa alƙibla gabas take. Da ita aka haife mu, ita muke kallo a sallah, ita ake juya fuskar mamaci. A Riyad kuwa Makka tana yamma. Satina na farko a garin, in na tashi sallah ni kaɗai sai ƙafata ta juya ni wajen fitowar rana, sai wani ya kamo kafaɗata ya mayar da ni. Na ji maganar Baba sarai, amma hankalina yana kan shinkafar gida.

Ranar Asabar da safe muka iso muka tarar da motar 'yan sanda a bakin shinge. Hafsa ɗaya ne da ɗan rakiyarsa, sai wani likita da jaka. Hafsan dogo ne, gemunsa a gyare, yana magana a hankali kamar mai gudun tada barci. Irin waɗannan su nake tsoro. Baba ba ya nan, ya taka zuwa babban titi ya tare tankar ruwa da ta ɓata hanya. Duktura ta ja gaba, muka bi ta a baya kamar 'yan rakiyar amarya, ni ina gaba gaba don kada wani labari ya wuce ni.

Aka yaye tampol. Babu rami.

An cike shi, an tayar da ƙasar ta yi ɗan doro, an daddaɓe ta sumul, an yayyafa ruwa, an kafa dutse a wajen kai. Kabari ne sak irin na makabartar unguwarmu, kuma ba a kwance yake yadda ramin yake ba, an karkata shi. Duktura ta tsaya kamar an dasa ta. Hafsan ya dube ta, ya dubi kabarin, ya tambaye ta ko wannan ne ƙashin da ta ce ya yi shekaru aru aru. Ya ce a tona.

Leburori biyu suka sa shebur. Ni a lokacin na riga na san wanda ya yi aikin, don duk filin mutum ɗaya ne ya iya daɓe irin wannan. Abin da ban sani ba shi ne da me ya yi. Shebur ya taɓa wani abu mai laushi. Suka sa hannu suka share. Farin ƙyalle ya bayyana, sabo, an naɗe shi tsaf an ɗaure kai da ƙafa da tsakiya. Suka ƙara sharewa, sai ga yatsuna baƙaƙe a gefe, suna gaishe ni.

Na ji idanuwan leburori suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan Bangaladash da muke cin abinci tare kullum ya matsa daga kusa da ni a hankali, kamar ina cin wuta. Hafsan bai tambayi kowa ba, idanuwan mutane ya bi har suka kawo shi gabana. Ya miƙo hannu ya ce, "Iƙama."

Iƙama ita ce katin izinin zama. Ita ce uwarka ita ce ubanka a ƙasar nan. In tana aljihunka kai mutum ne, in tana aljihun ɗan sanda kai kaya ne da ake jiran a ga inda za a ajiye. Na ciro ta, ta suɓuce ta faɗi ƙasa, na duƙa na ɗauka, na goge ta a riga, na ba shi da hannu biyu. Ya duba hoton, ya dube ni, ya zura ta a aljihun gabansa ya maɓalle.

Ya tambayi na wane ne ƙyallen. Na buɗe baki. Larabcin da nake taƙama da shi a Manfuha, wanda nake cewa har limamai na zuwa neman gyara a wurina, ya tattara ya koma inda ya fito. Muraƙibi ne ya amsa. Ba da mugunta ya yi ba, shi ma tsoro ne ya kama shi, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce haramin nawa ne, kowa ya gan shi a jikina shekaranjiya. Hafsan ya tambaya ko na san harkar gawa. Muraƙibi ya dube ni kamar mai neman gafara, ya ce da bakina na faɗa cewa na binne mutane sun fi gashin kaina yawa, kuma ba wanda ya kai ni iya naɗe likkafani.

Ɗan rakiyar ya rubuta. Ina kallon biron yana tafiya. Duk ƙaryar da na yi a duniya ba a taɓa rubuta ko ɗaya ba sai wannan.

Aka sa ni a bayan motarsu aka rufe. Na'urar sanyi tana aiki, amma gumi yana bin bayana har cikin takalmi. Ƙofar ba ta da mariƙi ta ciki, na duba. Ta taga ina hango likitan ya tsuguna yana kwance ɗaurin haramina, Duktura tana nuna wa hafsan wayarta tana magana da sauri, shi kuma yana girgiza kai yana nuna sabon ƙyallen. Na gane abin da yake nufi ba sai an fassara mini ba. Ita ta ce tsohon ƙashi ne, shi kuma ga abin da ya tarar: gawa a sabon likkafani, a sabon kabari, tana kallon alƙibla, a filin da baƙi ke aiki. Ko ni ne hafsan, ni zan kama.

A cikin motar nan na mutu na tashi ban san sau nawa ba. Na ga kaina a kurkuku gemu ya kai cibiya. Na ga an sauke ni a filin jirgin Kano da silifa da leda ɗaya, tarhil ke nan, korar da ba a dawowa. Na ga matata tana amsa gaisuwar maƙwabta, ana tambayarta wai da gaske ne maigidan ya kashe mutum a ƙasa mai tsarki. Na ga abin da ya fi wannan ma, wanda har yau ba na son in faɗa, sai dai na lura hannuna yana ta shafa wuyana.

Kuma ga magana ɗaya da za ta fitar da ni. In ce Baba ne. Makulli a hannunsa yake, shi kaɗai ya yini a filin ranar Juma'a. Kalma biyu ce, ko da Larabcin kurame zan iya faɗarta. Na shirya ta a bakina. Sai in tuna tsohon da buta a hannu, sai in ga shi ne a wannan kujera yana neman mariƙin ƙofa. Sai in haɗiye. Can kuma in tuna wuyana, in sake shirya ta. Ba zan ce jarumta ce ta hana ni ba. Da hafsan ya buɗe ƙofar a daidai lokacin da maganar take kan harshena, da ta fita. Allah ya sa bai buɗe ba.

Ina cikin haka sai ga tankar ruwa ta shigo, Baba yana zaune gefen direba. Ya sauko a hankali yadda ya saba. Ya hango taro a bakin kabarin, ya hango an tone, sai na ga tafiyarsa ta canza. Bai ma lura da ni ba sai da ya zo daidai motar. Ya tsaya, ya kara fuskarsa a gilashi, muka dubi juna. Ya dubi kabarin, ya sake dubana. Sai ya wuce kai tsaye wurin hafsan ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ana." Ni ne. Larabcinsa ke nan, ya ƙare.

Hafsan ya yi masa tambayoyi, Baba yana amsawa da Hausa. Aka rasa mai fassara. Duk filin mu biyu ne Hausawa, ɗaya yana magana, ɗaya yana kulle a mota. Haka aka buɗe mini aka tsayar da ni tsakaninsu, wanda ake tuhuma ya zama tafinta. Hafsan ya ɗaga yatsa ya ce kada in ƙara kada in rage. Bai san wa yake gaya wa ba. Ni da ko sallama aka aiko ni da ita sai na sa mata gishiri. Amma ranar na fassara maganar Baba tsirara, kalma bayan kalma, Larabcin yana dawowa guntu guntu kamar mai jin kunya.

Baba ya ce kakansa ya tafi aikin Hajji a ƙafa tun kafin a haifi mahaifinsa, bai dawo ba, ba a kuma ji inda ya ƙare ba. Irinsa suna da yawa a ƙasarmu. Da ya ga mutumin nan yana kallon gabas, sai ya ce wannan namu ne. 'Yan uwansa matafiya ne suka binne shi yadda suka saba a gida, ba su san sun riga sun wuce Makka ba, alƙibla ta koma bayansu. Ya ce ya kasa cin abinci ranar Juma'a, ga musulmi kwance tsirara ƙarƙashin tampol, ya ba wa Ka'aba baya tsawon shekarun nan. Ba shi da farin ƙyalle, sai ya tuna da nawa. Ya tattara ƙasusuwan, ya naɗe, ya gyara kabarin, ya juya shi yamma, ya yi masa sallah shi kaɗai.

"Ka gaya masa direba bai sani ba," in ji Baba. "Shi baki kawai gare shi. Ko ɗan tsako ya mutu a gabansa gudu zai yi."

Wannan ma na fassara, ban rage ba. Ɗan rakiyar ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana motsi.

Duktura ce ta katse mu. Ta tambayi ina kwalbar. Ni kuwa na manta da ita sam, kuma an sha gaya mana cewa ɗaukar kayan tarihi laifi ne babba. Baba ya ce ai musulmi ba a binne shi da kaya. Ya tafi bukkarsa, muna tsaye ba mai motsi, ya dawo da gwangwanin sukarinsa. Ya buɗe. Ga 'yar kwalbar a kwance cikin sukari, wai don kada ta fashe.

Duktura ta ɗauke ta da yatsu biyu, ta hure sukarin, ta ɗaga ta a rana. Koriya ce mai wani sheƙi kamar fiffiken ƙwaro. Ta yi wa hafsan bayani, ni kuma ina juya wa Baba. Ta ce irin wannan gilashi a ƙasar Sham ake hura shi, zamanin da Rumawa ke mulkin can, fatake ne ke kawo shi nan a kan raƙuma da turare a ciki. Ta ce mutumin nan ya mutu tun kafin a haifi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ƙarnuka. Ba alhaji ba ne, ba Bahaushe ba ne, kuma hanyar mahajjatanmu ba ta biyo ta nan ba. Gabas ɗin da yake kallo al'adar mutanensa ce, kuma yadda ya kwanta ɗin nan shi ne abin da ta zo karantawa. Yanzu an tattara shi kamar itacen girki, ƙasar da ke jikinsa an gauraya ta da ta waje, abin da zai gaya mata ya tafi, sai hotunan da ta ɗauka. Tana faɗa idonta ya ciko. Na tausasa wannan wajen fassara, shi kaɗai na taɓa.

Likitan ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. Ya ɗauki wani ɗan guntun ƙashi da ya riga ya ɓare, ya murza, ya zama gari. Ya gwada haƙoran da hoton wayar Duktura, ya ce mutum ɗaya ne, kuma wannan ya daɗe da wuce hurumin 'yan sanda. Na ji iska ta shiga ƙirjina. Amma iƙamata tana nan a aljihun hafsan, ta Baba ma yanzu ta bi ta.

Hafsan ya ce batun kisa babu. Saura batun taɓa wurin tarihi bayan an killace shi, wannan kuwa ba nasa ba ne, na Duktura ne. In ta shigar da ƙara zai tafi da mu biyu, mai aikin da mai ƙyallen, a can a tantance. In ba ta shigar ba shi ya gama. Ya juya ya dube ta.

Ban san tsawon shirun da ta yi ba. A Manfuha na ce an yi azahar an yi la'asar tana tsaye, amma wannan ƙari ne. Ta dubi ramin da aka lalata mata. Ta dubi muraƙibi ta tambaye shi ko an gaya wa tsohon kada ya taɓa, da harshen da yake ji. Muraƙibi ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina. Ta dubi Baba, wanda yake tsaye riƙe da gwangwanin sukari, bai san ma ana yanke masa hukunci ba. Sannan ta ce ba ta da ƙara. Amma ba ta so ta sake ganinsa kusa da raminta, a mayar da shi wani wurin.

Hafsan ya ɓalle aljihu ya ciro katunan. Ya ba Baba nasa da hannu biyu, ya kira shi ya ammi, wato baffa. Nawa ya riƙe shi a sama kaɗan, ya tambaye ni mutum nawa na ce na binne. Na ce wallahi ko ɗaya. Ya ce haka ya yi zato, ya sake mini.

Haramin bai dawo ba. Ƙasusuwan sun yi laushi, wasu sun manne da zaren, Duktura ta ce in aka zare za su ƙara lalacewa. Haka aka ɗauke shi da ƙyallen gaba ɗaya aka sa a wani dogon akwati mai soso a ciki. Yau a wani ɗakin ajiya a Riyad akwai mutumin zamanin Rumawa kwance cikin haramin Baɗha, da yatsuna a gefensa.

Da yamma motar kamfani ta zo ɗaukar Baba, za a kai shi gadin wani sito a wata unguwa. Na taya shi ɗaure tabarma da buta. Na ce masa Baba ka ji dai abin da matar ta ce, mutumin nan ba musulmi ba ne, ya riga Musulunci zuwa duniya. Ya ɗaure bakin buhunsa. Can ya ce to ai ba ƙi ya yi ba, bai ji ba ne. Ya roƙe ni in je in gaya wa Duktura, in za su ɗora akwatin a kan kantar ɗakin ajiya, su juya shi yamma, tunda ba abin da zai rage musu.

Na je. Tana zaune a bayan motarta tana cire takalmi. Na faɗa mata yadda ya faɗa, ina jiran ta kore ni. Ta dubi akwatin. Ta ce ba ita ke jera kayan ɗakin ajiya ba, amma za ta gaya wa mai jerawa.

Na koma na shaida wa Baba cewa ta rantse da Allah da kanta za ta juya shi, har da turare. Ya dube ni ta tagar mota, irin kallon da yake mini in na gama labari. Ya ce Allah ya shirye ni, kuma in ya samu sarari zai sayo mini wani haramin. Motar ta tashi. Na koma wajen boklen, na hau, na zauna ina taɓa aljihuna ina jin katin yana nan.